Muryar Malam Hali Tana Kulle a Rumbunku

Zuwa ga Shugaban kamfanin nan da ke ajiye wa 'yan kasuwa kayan kwamfutarsu a intanet yana karɓar kuɗin haya wata-wata,

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatanka, waɗanda har yau ban taɓa samun mutum ɗaya a cikinsu sau biyu a waya ba. Na yi maka sallama ne don haka iyayena suka koya mini, ba don raina ya yi sanyi ba. Ban rubuta sunan kamfaninka ba kuma, saboda ba zan yi muku talla kyauta ba. Kun san kanku, kuma duk mai shago a Tambuwal da Kebbe da wakilinku ya taɓa zama a kan bencinsa zai gane da wa nake.

Sunana Lawali. Muna da shago kusa da tashar mota a Tambuwal, inda muke tura wa mutane karatu da wa'azi a katin waya, mu kuma ɗauki murya a wurin walima ko saukar karatu. Na ce "muna" ne don bakina ya saba. Ni kaɗai ne yanzu. Yayana Sahabi ne ya buɗe shagon, shi ne kuma ya buɗe asusu a wurinku da sunansa da lambar wayarsa. Allah ya yi masa rasuwa bara da damina, bayan zazzaɓin da bai kai mako ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A cikin rumbunku akwai karatun Malam Hali na Fakku, na shekaru masu yawa, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai a wurinku. Kun kulle shi, kun hana ni shiga, yanzu kuma kun aiko cewa a ƙarshen watan nan za ku goge shi baki ɗaya. Malam yana raye, amma ba zai iya maimaita ko kalma ɗaya ba, domin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa magana tun kafin rasuwar yayana.

Na san ba ka san Malam Hali ba, ba ka ma san inda Fakku take ba. Ƙauye ne a ƙasar Kebbe, manoma ne mutanensa, hanyarsa kuwa idan ruwa ya sauka sai babur, shi ma sai mai haƙuri. Gidan su Malam gidan karatu ne tun kaka da kakanni. Yadda yake fassara littattafan fiƙihu, da tsohuwar Hausarmu da misalan gona da na rijiya, haka ya ji daga bakin mahaifinsa, shi ma haka ya ji daga nasa. Ba a rubuce yake ba, a baki yake. Yaya Sahabi almajirinsa ne tun yana saurayi. Da ya ga Malam yana manyanta, sai ya shiga zuwa Fakku kowane mako da rikoda a aljihu, ya zauna a gaban buzun Malam ya ɗauka. Da kaset ya fara, daga baya ya sayi 'yar ƙaramar rikoda. Na sha ganinsa ya dawo wandonsa duk taɓo har gwiwa, amma rikodar tana nannaɗe a leda a ƙirjinsa, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Malam bai yarda da sauƙi ba. Da ya yarda, sai ya gindaya sharaɗi, ina wurin da kunnena na ji. Ya ce: "Sahabi, wanga abu amana na. Ban yarda a yayyanka min magana a saida kamat tsire ba. Sai mun kai ƙarshe, in saurara da kunnena, in gyara inda niy yi tuntuɓe, kana ka ba jama'a." Shi ya sa ba mu taɓa tura wa kowa ko minti ɗaya daga ciki ba, ko da direbobi suna roƙo, ko da an yi mana tayin kuɗi. Na faɗi wannan ne saboda wata ma'aikaciyarku ta tambaye ni cikin isa wai me ya sa ba mu rarraba wa mutane kwafi ba. Amsar ke nan. An ce mana kada mu yi, mu kuwa muna jin magana.

Yanzu bari in jero maka abin da kamfaninka ya yi mana.

Na farko, wakilinku. Ya zo Tambuwal ne daidai lokacin da wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙone mana rumbun kwamfuta ɗaya. Allah ya taimaka karatun Malam yana cikin ɗaya rumbun, amma Yaya Sahabi ya tsorata ƙwarai, kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Sai ga wannan saurayi da 'yar riga mai tambarinku da baki kamar an shafa masa zuma. Ya ce mana ku a gajimare kuke ajiya, wato can a intanet. Ya ce ko gobara ta cinye shagon, ko ambaliya ta share Tambuwal, kayanmu suna nan har jikoki. Kalmar da ya faɗa ke nan, har jikoki, ga masu shayi da masu faci na bakin tasha nan da ransu, a tambaye su. Shi da hannunsa ya kwashe komai ya ɗora a wurinku, shi kuma ya saita kwamfutarmu yadda duk abin da ya hau sama sai ya sauka daga cikinta, wai don ta daina nauyi. Tsohon rumbun ma ya ce mu share mu zuba wani abu, ajiye abu biyu aikin mutanen da ne. Tsofaffin kaset ɗin kuwa dama zafi ya riga ya narkar da zarensu. Hausawa sun ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. To, mutumin da kuke biya albashi ne ya kama tulun ya tuntsurar. Ya yi mana bayanin gobara, ya yi na ambaliya, ya yi na ɓarawo. Mutuwa kaɗai bai ambata ba, ita da ta fi su duka zuwa gidajen mutane.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne, domin na gaji da maimaita shi ga yaranka. Lokacin da Yaya Sahabi ya rasu, matarsa Luba tana da ƙaramin ciki. A wurinmu ba a raba gado alhali akwai magaji a ciki. Sai an jira ya fito, a ga da rai ya zo ko babu, namiji ne ko mace, domin rabon kowa ya rataya a kan haka. Kafin nan ba mai taɓa kayan mamaci. Bayan sadakar bakwai aka tara dangi, aka haɗa abin da ya bari na jikinsa, agogo da takardun gona da makullin babur da wayarsa, aka zuba a akwatin ƙarfe aka sa kwaɗo a gaban shaidu. Ƙanen mahaifinmu, Baffa Ladan, ya ɗauke shi ya kai gidansa a Kebbe. Shagon ne kaɗai aka bar mini a buɗe, don daga nan marayu ke ci.

A watannin farko kwamfutar shago tana buɗe rumbunku kamar kullum. Sai banki ya tsayar da asusun mamaci, kamar yadda ya kamata, kuɗin watanku ya daina fita. Wata safiya na kunna kwamfuta na tarar kun fitar da ni waje. Na sa kalmar sirrin da na sani, kuka ce kun aika da lamba zuwa wayar mai asusu, in shigar da ita. Wayar mai asusu tana Kebbe cikin akwati.

Na hau babur na tafi wurin Baffa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Lawali, kayan marayu wuta na. Ba mu buɗin akwatin ga sai Luba ta sauka, mu ga mi Allah yab ba mu. Yau in na ba ka waya, gobe wani shi ce a ba shi babur. Kuma banki na cikin wayag ga, ina son ka wanke, ba ni son a yi maka zato." Na ji haushinsa a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma ya fi ni gaskiya. A unguwarmu akwai 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ba sa gaisawa har yau, a kan wayar mahaifinsu da wani ya kunna kafin a raba gado.

Daga zauren Baffa na kira lambarku. Bayan kiɗan da kuke sa wa mutum har katinsa ya kusa ƙarewa, wani ya ɗauka. Na yi masa bayani da Turancin da nake da shi. Ya ce babu damuwa, kayanmu suna nan lafiya, duk ranar da na sami wayar in dawo. Na ce to in biya kuɗin watan da kaina kafin nan. Ya ce ba a biya sai an shiga asusu, ba a shiga asusu sai da lambar. Ranka ya daɗe, kai ma ka sake karanta wannan ka gani ko zai shiga kanka. Na miƙa muku kuɗi kun ƙi karɓa, yau kuma laifin da kuke kafa hujja da shi don goge mana kaya shi ne wai ba a biya ba. A kan maganar ma'aikacinka na koma gida na zauna jira. Da ya ce mini akwai haɗari, da na tara dattawan gidanmu an san yadda aka yi.

Na uku. Luba ta sauka lafiya, aka sami mace. Bayan suna dangi suka taru a Kebbe, aka buɗe akwati, malamai suka yi rabo, kowa ya tashi ba tare da an ɗaga murya ba. Aka damƙa mini wayar a gaban kowa. Na sa ta a caji, ta kama, amma layin ya mutu. Kamfanin waya ya ga an daɗe ba a yi amfani da shi ba, ya ba wani. Na kira lambar yayana, lambar da na haddace tun ina koyon aiki, sai wata mata ta ɗauka tana wani yare da ban taɓa ji ba, ga hayaniyar kasuwa a bayanta.

Na sake kiranku. Wannan karon wata ce ta ɗauka, na sake ba da labari tun daga zazzaɓin. Shawarar da ta ba ni ita ce in roƙi matar nan ta karanto mini lambar da za ku aika mata. Don tsananin matsuwa na gwada. Na kira baiwar Allah na ce za a turo mata wasu lambobi, don Allah ta karanta mini. Ban ji yarenta ba, amma zagi ba ya buƙatar tafinta. Da guntun Turanci ta ce mini ɗan damfara, ta ce za ta kai ni wurin 'yan sanda, ta kashe. Wallahi ta yi daidai, ni ma haka zan yi. Ku ne fa kuke aiko da saƙo kuna gargaɗin kada a karanta wa kowa lamba. Ni da ban taɓa cin sisin wani ba, kamfaninka ya sa na yi sana'ar 'yan damfara na yini ɗaya.

Na huɗu, wanda ya fi ƙona mini rai. Da na ce muku layin ya tafi, kuka ce akwai wata hanya mai sauƙi. Kuka turo mini wani shafi. Shafin ya ce mai asusu ya tsaya a gaban kyamara, ya juya kansa dama, ya juya hagu, ya ƙifta ido. Na rubuta muku cewa mai asusu ya rasu. Amsa ta dawo nan take, da gani ba mutum ne ya rubuta ta ba: an gode da tuntuɓa, a tabbatar akwai isasshen haske a fuskar mai asusu. Ni na sa Yaya Sahabi a kabari da hannuna, ni na juya fuskarsa gabas, ni na jera itace. Na daɗe zaune a shago ina kallon wannan amsa, har mai shayi ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya.

Na biyar, takardu. Da na samu na isa ga wani da kuka kira babba, ya ce in kawo shaidar rasuwa da shaidar cewa ni ne wakilin magada. Na kawo. Hakimi ya rubuta, alƙalin da aka yi rabon gado a gabansa ya rubuta ya buga hatimi, Luba ta sa hannu, Baffa ya dangwala. Na ɗauki hotonsu na aika. Kuka ce na'urarku ba ta gane irin waɗannan takardu ba, sai irin waɗanda ke cikin jerinku, daga ofisoshin da ko sunansu ba a taɓa ji a Kebbe ba. Da takardar alƙalin nan aka raba gona, da ita aka raba gida, da ita banki ya saki abin da ke hannunsa. Kowa ya gane ta sai ku. Wai ku wace ƙasa kuke ciniki? Lokacin karɓar kuɗi ba ku tambaye mu takardar kowane ofishi ba, lambar kati kawai kuka nema, kuma na'urarku ta gane ta sarai.

Na shida ƙarami ne, amma sai na faɗa. Duk wannan wahala da ake yi, sashen tallanku bai huta ba. Kwanan baya saƙo ya shigo imel ɗin shago da manyan haruffa da hoton balan-balan: wai Sahabi, kun yi kewarsa, ya dawo ku yi masa rangwame. Luba ta zo shago a ranar da jaririya a baya, ta ga sunan mijinta a fuskar kwamfuta, ta ce in fassara mata. Na yi ta kame-kame, ta matsa, na fassara. Ta gyara goyonta ta fita, ko abin da ya kawo ta ba ta karɓa ba. Sau nawa na rubuta muku cewa mutumin nan ya mutu? Saƙon da ya biyo bayan wannan shi ne na gogewa.

Ranka ya daɗe, mu ma mun san haya, mun san ajiya. Ba ku kuka ƙirƙiro su ba. A kasuwar Tambuwal akwai masu sito da manoma ke bar wa buhunan gero da dawa. Idan mai buhu ya mutu, mai sito yakan wanke ƙafa ya je gaisuwa, sannan ya ce wa iyali akwai kayan wane a wurina, duk ranar da kuka shirya ku zo. Ba ya cewa sai mamaci ya zo da kansa. Ba ya kuma cinna wa buhunan wuta don wata ya ƙare. Wanda ya yi haka ba zai sake zama a kasuwar ba, ko jana'izarsa sai an roƙi mutane. Ku kuma kun yi ɗamarar yin haka, kun ma sa masa rana, kuna kiransa ƙa'ida.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce akwai yarjejeniya, Sahabi ya danna ya yarda. Wakilinku ne ya danna, da yatsansa, yana cewa wannan dogon Turanci ne kawai, ba komai a ciki. Za ku ce tsaron nan don kare mu ne daga ɓarayi. Madalla. To ga magada sun zo da alƙali da hakimi da shaidu, wane ɓarawo ne yake zuwa da waɗannan? Tsaron da zai hana mai kaya kayansa sannan ya ƙone su, ban ga wanda ya kare ba. Za ku ce kuma ajiya tana cin kuɗi. Na ce zan biya, tun bara nake cewa zan biya.

Ina kuma kira ga 'yan uwana masu shaguna, masu kemis da masu makarantu da masu buga takardu, duk wanda saurayin nan ya ɗora wa kaya a gajimare daga nan har Kebbe. Ku je ku duba da lambar wa aka buɗe. Ku tambayi kanku wa zai shiga idan mai lambar ya kwanta dama. Ku sayi rumbu ku sauke kwafin kayanku ku ajiye a ɗaka, ko da za a ce muku mutanen da. Shi wakilin, tun da na fara nemansa wayarsa ba ta shiga, an ce ya koma wani kamfanin yana sayar da wani abu daban.

Abin da nake nema a wurinka ba shi da yawa. Ka sa a dakatar da gogewar nan yau, ba gobe ba, kuma a rubuto mini cewa an dakatar. Ka haɗa ni da mutum ɗaya, mai suna, mai jin Hausa ko mai haƙurin sauraron Turancina, wanda idan na sake kira shi zan samu. Ka sa ɗan Adam mai ido ya karanta takardar alƙali, in yana shakka ya zo Tambuwal, ni zan biya masa mota in kai shi har gaban alƙalin. Ba na ma neman ku bar mini asusun. Ku buɗe mini na yini ɗaya in sauke karatun Malam a rumbun da na riga na saya, sauran tarkacen ku riƙe, ku goge, ku yi abin da kuka ga dama. Sannan ku ƙara tambaya ɗaya a wurin da ake buɗe asusu: idan ka mutu, wa za mu ba? Duk wanda kuke karɓar kuɗinsa zai mutu, kai ma haka. Kuma don girman Allah ku cire sunan yayana daga cikin masu karɓar tallanku.

Idan kun ƙi, zan kai ƙara duk inda ake kai ƙara, zan shiga gidan rediyo, zan tsaya a kasuwar Kebbe ranar da take ci in faɗa da bakina. Amma na san ko na yi nasara a kanku bayan kun goge, nasarar banza ce. Ba a biyan diyyar irin wannan.

Ban gaya wa Malam halin da ake ciki ba. Iyalinsa sun sani, sun roƙe ni in yi shiru. Ranar Juma'ar da ta wuce na je Fakku gaishe shi. Yana kwance a zaure a kan tabarma, an jingina shi da matashi, ɗalibansa na da suna zaune a gefe. Da ya gan ni ya kama hannun rigata da hannunsa mai lafiya, ya nuna bakinsa, ya nuna kunnensa. Ya maimaita. Kowa a zauren ya gane. Yana so ya saurara, kamar yadda ya ce zai yi kafin a ba jama'a. Na rasa inda zan sa kaina.

Wani ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, da ke cikin masu gaisuwa ya ce shi ya taɓa ɗaukar ɗan guntu da wayarsa a ɓoye, shekarun baya, ranar da ya kawo fasinja ya tsaya sauraro. Ya nemi gafarar Malam, ya lalubo, ya kunna. Ga ƙarar iska, ga kukan awaki, amma muryar ce, garau, da dariyar nan tasa da yake yi kafin ya kawo misali. Matan gida suka matso bayan ƙyaure. Malam ya rufe ido yana gyaɗa kai. Muryar tana cewa: "To, in mutum ya iske rijiya, ga guga ga igiya, amma mai rijiya ba shi nan, abin da shari'a tac ce shi na..." Sai ta yanke. A nan batirin wayar ɗan kabu-kabun ya mutu a wancan lokaci.

Malam ya buɗe ido. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana so ya ƙarasa. Ya san amsar, tana nan a kansa. Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, babu abin da ya fito sai iska. Sai ya juyo ya dube ni, ya buɗe tafin hannunsa, yana jiran in kunna masa sauran.

Na ce masa, "Allah shi gafarta Malam, in sha Allahu ina kawowa." Na faɗa a gaban mutane, a cikin zaurensa, bayan sallar Juma'a. Ragowar maganar nan tana hannunka, Ranka ya daɗe, kuma kai kaɗai za ka sa in zama mai gaskiya ko maƙaryaci a gaban dattijon nan.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya shirye ka, ya sa tausayi a zuciyarka. Ya bar maka harshenka har ƙarshen kwananka. Ranar da taka ta zo kuma, Allah ya sa abin da ka bari ya faɗa hannun masu amana, kada 'ya'yanka su tsaya a ƙofar da ka bar ni tsaye.

Wassalam.

Lawali,
mai shagon tura karatu, bakin tasha, Tambuwal.